Yafiyar da ake yi wa mugun jarumi a littattafan soyayya ta yi araha da yawa

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya ya san wannan yanayin, ka kai tsakiyar labari, jarumin ya wulaƙanta yarinya a gaban mutane, ya ƙwace mata waya, ya hana ta fita aiki, wani lokacin har hannu ya ɗaga mata, sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ka kife littafin ko ka kashe hasken wayar. Abin da ke kawo nauyin shi ne ka riga ka san inda aka dosa, saura cafta biyu ko uku zai zo da jajayen idanu ya ce mata ai duk abin da ya yi tsananin sonta ne ya sa shi, ita kuma ta faɗa jikinsa tana kuka, shikenan wai an daidaita. Ni dai a ganina wannan nauyin ƙirjin shi ne sharhi mafi gaskiya da mai karatu yake yi wa littafi, kuma shi ne muka fi saurin dannewa mu ce ai labari ne kawai.

Kafin wani ya ɗauka ina cikin masu raina irin waɗannan littattafan, wallahi ba na ciki. Ina son su, kuma ban taɓa gane hujjar masu cewa wai meye amfanin karanta labarin da ka san ƙarshensa ba. Mai karanta labarin ɗan sanda mai binciken kisan kai shi ma ya san za a kama wanda ya yi kisan, babu wanda ya ce masa ya ɓata lokacinsa. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka da aka kafa a 1980 abu biyu ta gindaya kafin a kira littafi na soyayya, soyayyar ta zama ita ce ginshiƙin labarin, sannan ƙarshen ya zama mai gamsar da zuciya mai sa kyakkyawan fata. Alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu, na ba ka lokacina da hawayena, kai kuma kar ka yasar da ni a hanya. Mutumin da ya wuni cikin damuwar duniya yana da haƙƙin ya nemi labarin da zai ƙare lafiya, babu abin kunya a ciki ko kaɗan. Inda rigimata take shi ne hanyar da ake bi a kai ga wannan ƙarshen.

Kuma fa rigimar tsohuwa ce. A 1740 wani Bature mai sana'ar ɗab'i a Landan, Samuel Richardson, ya fitar da Pamela, littafin da masana da yawa ke lissafa shi cikin kakannin labaran soyayya na zamani. Yarinya ce 'yar shekara 15 mai aikatau, uwar ɗakinta ta rasu, ɗan gidan ya sa ta gaba da nema, da ta ƙi sai ya sa aka ɗauke ta aka tsare a wani gidansa na ƙauye, ya yi yunƙurin keta mata haddi, daga baya ya karanta rubuce-rubucenta zuciyarsa ta yi laushi ya aure ta, kuma marubucin ya gabatar da auren a matsayin ladan kamun kanta. Littafin ya samu karɓuwa sosai amma tun a lokacin masu karatu suka rabu gida biyu, wasu na kuka don tausayinta wasu kuma na ganin abin bai zauna ba, har Henry Fielding ya rubuta wani littafin a 1741 don kawai ya yi masa ba'a. Shekara kusan 300 kenan, amma ka cire keken doki ka sa jirgin sama na kansa, ka cire ɗan mai gida ka sa biloniya shugaban kamfani, labarin nan ne dai ake ta maimaita mana.

To amma a gidan nan guda akwai wata hanyar, kuma ita ma tsohuwa ce. A littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, jarumin shi ma mai girman kai ne, ya zo neman auren Elizabeth yana lissafa mata yadda danginta ba su kai nasa ba, ta ƙi shi ƙiri-ƙiri ta kuma gaya masa dalili. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau ake karanta littafin. Bai tsare ta ba, bai yi mata barazana ba, wasiƙa ya rubuta ya yi bayanin abin da ake zarginsa da shi ya tafi abinsa. Can gaba da ƙanwarta ta gudu da wani mayaudari sunan gidansu na shirin ɓaci, shi ne ya bi sawunsu har Landan, ya biya basussukan mayaudarin, mutumin da ya fi ƙi a duniya, ya sa aka yi auren, sannan ya roƙi kar a gaya wa Elizabeth. Wato ya gyara halinsa a inda ba ya tsammanin za ta gani balle ta saka masa. Ita ma kuma sai da ta zauna ta gane ta yi gaggawar yanke masa hukunci a wasu abubuwan. Shi ya sa idan suka daidaita a ƙarshe mai karatu ba ya jin an yi masa wayo, ya ga aikin da idonsa.

Mu da muka taso da sanin sharuɗɗan tuba bai kamata ma a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba. Ka yi nadama, ka bar laifin, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa da haƙƙinsa. Yawancin jaruman da nake magana a kansu na farkon kawai suke yi, shi ma a baki, feji ɗaya, bayan feji 300 na cin mutunci. Karatun da ya katse mata bai mayar ba, ƙawayen da ya raba ta da su bai nemo ba, sunanta da ya ɓata a gaban jama'a bai je gaban jama'ar ya wanke ba. Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne dabarar da ake yi ta jefa shi a haɗarin mota ko a kwantar da shi asibiti, don tausayi ya yi aikin da ya kamata tuba ta yi. Ciwo ba gyaran hali ba ne. An ce hali zanen dutse, to in marubuci zai ce mana dutsen nan ya sake zane dole ya nuna mana yadda aka yi, a hankali, da faɗuwa da tashi, ba wai dare ɗaya ba.

Wata malama a Amurka, Janice Radway, ta fitar da bincike a 1984 a kan mata 42 masu yawan karanta labaran soyayya a wani gari da ta ɓoye sunansa, yawancinsu matan aure masu 'ya'ya. Abu biyu daga aikin nata sun zauna min. Na farko matan sun nuna mata cewa ɗaukar littafin kansa wata hanya ce ta cewa wannan lokacin nawa ne, bayan sun ƙarar da yini suna hidimar kowa, kuma ba komai suke haɗiya ba, suna da littattafan da suke kira marasa kyau, musamman masu fyaɗe da azabtarwa da ƙarshe mai baƙin ciki. Na biyu kuma, ita Radway ta lura cewa ko a littattafan da suke so ɗin akwai wani tsari da ke yawan dawowa, jarumi ya fara da taurin zuciya, sai labarin ya juya ya fassara taurin a matsayin so ne da ya kasa furtawa. Wannan fassarar ita ce abin tsoron. Domin mace da ke zaune da mai cutar da ita a zahiri, maganar da take gaya wa kanta kenan kullum, yana sona ne bai iya nunawa ba, kishi ne, zai canja. So hana ganin laifi dama can yana nan, bai kamata littafi ya ƙara masa ƙarfi ba.

Me ya sa irin wannan jarumin ya ƙi mutuwa? Ni ina ganin kasuwa ce da kuma sauƙi. Tun zamanin kamfanin buga littattafai na Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908 da kamfanin Harlequin na Kanada da ya zo a 1949 ya kuma saye shi a 1971, an gano cewa masu karatun soyayya ba littafi ɗaya suke saya a shekara ba, suna gama wannan suke neman wani, don haka aka riƙa fitar da sababbi duk wata a kan tsari sananne. Yanzu abin ya koma waya. Wattpad, shafin rubuta labarai da karanta su a intanet da aka buɗe a 2006, da ire-irensa sun ba kowa damar ya zama marubuci, wanda alheri ne babba, matasa da yawa da babu kamfanin da zai kalle su sun samu masu karatu ta nan. Amma rubutun cafta-cafta yana da nasa tarkon, kowace cafta dole ta ƙare da abin da zai dawo da mutane gobe, kuma babu abin da ke tara kwament da sauri kamar jarumi ya yi rashin mutunci. Masu karatu su yi ta zaginsa a ƙasa, marubuciya ta ga lambobi na hawa, gobe ta ƙara masa mugunta, jibi ta ƙara, har a kai inda babu tubar da za ta iya wanke shi, ga shi kuma an yi alkawarin ƙarshe mai daɗi, sai a rufe da gaggawa. Rubuta mutum biyu masu kirki waɗanda duk da haka akwai abin da ya tsaya tsakaninsu, tsoro ko nauyin iyaye ko tsohon rauni ko bambancin abin da kowa ke so a rayuwa, wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a cika yinsa ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce masu karatu ba yara ba ne, sun san bambancin labari da rayuwa, mace na iya jin daɗin mugun jarumi a takarda alhali ko minti biyar ba za ta zauna da irinsa ba, kuma an daɗe ana raina hankalin mata da sunan kare su daga littafi. Na yarda da kaso mai yawa na wannan, kuma ba na goyon bayan a hana ko a ƙona littafin kowa. Sai dai ba duk mai karatu ne ya kai shekarun da zai tace ba, 'yar shekara 14 da waya a hannu tana karanta abu guda da 'yar shekara 40, kuma ita ba ta da wani abin da za ta gwada shi da shi. Ko ma a ajiye batun tarbiyya gefe, a matsayin fasaha kawai, yafiya mai araha rubutu ne mai rauni, marubucin ya ci bashin tausayinmu bai biya ba.

Kuma ba cewa nake a daina rubuta duhu ba. Littafin Colleen Hoover na 2016, It Ends with Us, wanda ya sake tashi a TikTok wajen 2021 har aka mayar da shi fim a 2024, a kan dukan mace a gidan aure yake, kuma marubuciyar ta ce rayuwar mahaifiyarta ce ta sa ta rubuta shi. Mutane sun yi ta muhawara a kan ko ya dace a tallata shi a matsayin labarin soyayya, kuma muhawarar na da tushe. Amma abu ɗaya da ya yi daidai shi ne ya bar mai karatu ya so mijin tukuna, ya ji yadda barinsa ke da wuya, sannan jarumar ta nemi saki bayan ta haifi 'yarta. Son da take yi masa bai zama hujjar zama ba. Littattafan zamani da ba su ɗaure kansu da alkawarin ƙarshe mai daɗi ba suna da wannan 'yancin, ko da yake su ma wasunsu sun ɗauka barin kowa cikin ƙunci a feji na ƙarshe shi ne zurfin tunani, wanda shi ma wata gajeriyar hanya ce.

Abin da nake so daga mu masu karatu bai da yawa. In ka zo ba da taurari a shafin sharhin littattafai na Goodreads ko rubuta kwament a ƙasan cafta, kar ka tsaya a na yi kuka ko ya burge ni, faɗi a ina ne ranka ya ƙi, wane feji ne ka ji an tilasta maka yafe wa wanda ba ka shirya yafe wa ba. Marubutan yanzu suna karanta abin da muke rubutawa tun labarin bai ƙare ba, wata ma a daren take gyara cafta ta gaba saboda shi, damar da masu karatun Pamela ba su samu irinta ba. In kwament ɗinmu ne ya koya musu cewa mugunta na kawo jama'a, shi ne kuma zai iya nuna musu cewa muna so jarumar ta yi fushi fushin gaske, a ba fushin nata feji masu yawa kamar yadda aka ba wulaƙancinsa, ta koma makarantarta ko aikinta, ta samu mutanenta, shi kuma ya yi ta gyara ba tare da tabbacin za ta dawo ba, in ta dawo ɗin ya zama ita ta zaɓa tana da wurin zuwa.