Kiɗan nan shi ne gishirin miyar

Malam marubuci, na karanta inda ka ce finafinan kunfu na shekarun 1970 da 1980 shirme ne, wai kiɗan disko da rawa sun ɓata su. Gaskiya ban yarda ba ko kaɗan.

Bayan rasuwar Bruce Lee a Hong Kong a 1973, yana ɗan shekara 32, son kunfu ya kama unguwannin baƙar fata na Amurka sosai. Daga nan ne Berry Gordy, wanda ya kafa kamfanin waƙoƙi na Motown, ya ɗauki nauyin fim ɗin The Last Dragon a 1985. Jarumin saurayi ne baƙi a birnin New York, da malafa irin ta mutanen Sin a kansa, yana cin gugguru da tsinke biyu a cikin silima. A faɗan ƙarshe jikinsa har walƙiya yake yi, kiɗa na tashi. Su ma masu fim ɗin sun san sun zuzuta abin, da gangan suka yi, kuma da zuciya ɗaya.

Ni a gidan kallon unguwarmu na fara ganinsa, a kaset ɗin bidiyo da ya sha jiki, hoton yana rawa. Ƙarar naushi kamar ana faskare. Da kiɗan ya canza, kowa ya san bos ya kusa shan kashi, sai ihu ya kaure, har masu tsayuwa a bakin taga. Har yau in na ji irin wannan kiɗa tsigar jikina tashi take yi.