A majami'a muna wa'azin ƙauna, amma muna jin kunyar maganar soyayya

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, muna tattara kujeru a 'yar majami'armu da ke Aboabo a Kumasi, wata daga cikin mawaƙa ta riƙe min hannu ta ce tana da magana. Shekararta 34, tela ce, da kekenta take biya wa ƙannenta biyu kuɗin makaranta a can arewa. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce, "Mama, zunubi ne idan ina so a so ni? Ba auren kawai nake nufi ba. So nake wani ya riƙa ɗokin ganina." Sai hawaye.

Kalmar zunubin nan ce ta hana ni barci. A ina ta samo ta? A wajenmu ta samo ta.

Mu Kiristocin zango da Hausa ta haɗa, ko Kusasi ne mu, ko Frafra, ko Dagaba, kalmomi biyu gare mu. Ƙauna ta mumbari ce: ƙaunar Allah, ƙaunar maƙwabci, ƙaunar maƙiyi. Soyayya kuwa mun bar wa fina-finai da waƙoƙin rediyo. In budurwa ta kuskura ta ambace ta a zumuntar mata, sai ɗakin ya yi tsit, can wata ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, Yesu ya ishe ki." Yesu ya isa, na gaskata da dukan zuciyata. Amma mai faɗin haka za ta koma gida ta tarar da mai tambayarta ya gajiya, ita kuwa yarinyar ɗaki ɗaya za ta koma ta kulle kanta.

Littafi Mai Tsarki ba shi da irin kunyarmu. Tun 1932 da cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito, Waƙar Waƙoƙi tana ciki, da surorinta takwas, kuma mace ce ta fara buɗe baki tana muradin masoyinta. Har cikin dare ta fita titunan birni tana nemansa. Sau uku littafin ya yi gargaɗi kada a ta da soyayya kafin lokacinta, kuma wannan gargaɗin kaɗai muke ɗauka mu bar sauran. To ai ba a yi wa abu lokaci sai in mai kyau ne.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Lai'atu, a Farawa sura 29. Kowa ya san Yakubu ya yi wa Laban bautar shekara bakwai saboda Rahila, har ya ga kamar 'yan kwanaki ne. Lai'atu fa? An kai ta ɗaki cikin duhu a madadin ƙanwarta. Tana da miji, tana da gida, ta sami duk abin da muke gaya wa 'yan matanmu su yi addu'a a kai, amma tana ƙishi. Da ta haifi Ra'ubainu, ta ce yanzu mijinta zai so ta. Da ta haifi Lawi, ɗa na uku, ta ce wannan karon zai manne mata. Shekaru suna tafiya tana ƙirga 'ya'ya tana jiran kallo ɗaya. Nassin bai tsawata mata ba. Cewa ya yi Ubangiji ya ga ba a son ta. Ya gani. Kuma daga ɗanta na huɗu, Yahuza, zuriyar Dawuda da ta Almasihu ta fito. In Allah bai kawar da kai daga wannan ciwon ba, da wace hujja zumuntar mata za ta kawar?

Shirun nan namu yana da tsada, kuma mata ne ke biya. Wadda ba ta sami kunnen uwa a ikkilisiya ba za ta same shi a wajen mai kiran kansa annabi. Shi zai ce mata namijin dare ne ya aure ta, ko wata gwaggo a ƙauye ta ɗaure mata ƙafa, ta kawo sidi kaza a sayi man shafewa. Yarinyar da na ambata ta kai kuɗin ɗinkin Kirsimeti guda cur irin wannan wurin. Ba hawan dutse don addu'a nake zargi ba. Ni ma na hau dutsen addu'a na Atwea na yi azumi, na kuma sami salama. Abin da nake ƙi shi ne a mai da buƙatar da Allah ya halitta ta zama aljani, sannan a sayar da maganinta.

Akwai kuma ɗan'uwa mai zaƙin baki, wanda ya san cewa "Ubangiji ya nuna min ke a mafarki" yana buɗe ƙofar da "ina son ki" ba ya buɗewa. A Ghana aure iri uku doka ta sani: na gargajiya, na Musulunci, da na rajista wanda mace ɗaya kawai ya yarda da ita. Mata nawa ne a cikinmu suka san su tambayi mai neman nasu ko yana da matar gargajiya a Bawku ko Bolgatanga, can arewa? Wannan aikin iyaye mata ne da dattawa, amma ba za su bincika soyayyar da aka ɓoye musu ba.

Na san tsoron dattawanmu. Suna ganin in aka saki wannan magana, fasikanci zai biyo baya. Ina girmama tsoron nan, don ni ma na ga cikin da aka yi a waje da kukan da ya biyo. Sai dai duk waɗanda na sani a ɓoye abin ya faru da su, a inda ba mai ba da shawara. Bulus da kansa, a 1 Korintiyawa sura 7, ya yabi zaman rashin aure, amma ya kira shi baiwa da ba kowa aka ba ba, ya kuma ce gara a yi aure da a ƙuna da sha'awa.

In da gaske muna so su yi auren, mu dubi kayan da muke ɗora musu. A ƙwanƙwasa ƙofa, wato gaisuwar neman aure, a karɓi doguwar takardar kaya, a nemi shanun dangi, sannan ikkilisiya ta ce sai an sake wani biki da farar riga da rumfuna. Saurayi mai tuƙin trotro, wato motar haya, yaushe zai gama? Fasto zai iya sa wa aure albarka a cikin sujadar Lahadi, da shaidu, ba tare da an ci bashi ba.

Ban yi wa yarinyar alkawarin miji ba, domin ba ni da shi a hannu, kuma wasu nagartattun mata za su tsufa ba su samu ba. Na dai ce mata ba zunubi ta yi ba, ta kuma kawo min duk wanda ya zo, in gan shi da idona. Ranar Laraba ni ke da koyarwa a zumuntar mata. Farawa 29 zan buɗe, na kuma roƙe ta ita za ta karanta mana.