Motar alfarma, amma babu safaya

Tun kafin mu bar Hambug abokin aikina Bajamushe ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ina shafa fatar kujerar motarsa ina yabawa, sai ya ce, "Irin wannan ai ba don hanyoyinku aka ƙera ta ba." Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ta yi mini zafi.

Kudu muka nufa a kan A7, babbar hanyar da ta fi kowace tsawo a Jamus, wadda ta taso daga iyakar Denmak ta dire a iyakar Ostiriya, sama da kilomita 900. Ba zan ɓoye ba, motar ta burge ni. Kujera tana ɗumama maka baya, tana yi maka tausa. Jikinta a kan jakunkunan iska yake zaune, shi ya sa ko gargada ba ka ji. Inda babu dokar ƙayyade gudu ya taka ta har 200, amma shayin da ke tsakaninmu ko kaɗawa bai yi ba, muna ta hira ƙasa-ƙasa kamar a falo.

Muna cikin hawa da gangarar tuddan Kasel wani ƙarfe ya tsarge tayar baya. Da muka gangara gefe na nufi but in ɗauko safaya da jak. Wayam! Sai wata 'yar kwalbar ruwan liƙi da ɗan ƙaramin famfo. Ruwan nan hudar ƙusa yake toshewa, ba tsaga mai tsawon yatsa ba. Ga shi Lahadi ce, shagunan taya duk a rufe, taya mai inci 21 kuma ba kowane gareji ke ajiye ta ba.

Muka saka riguna masu ƙyalli, muka kafa jar alamar nan mai kusurwa uku can baya, muka tsallaka bayan shingen ƙarfe muka tsaya cikin ciyawa mai raɓa. Kusan awa biyu iska na kaɗa mu. Motoci sai wucewa suke fuu, babu wanda ya ko rage gudu. Na san doka ce ta hana tsayawa a irin wannan hanya, kuma mai janwe ya zo ya yi aikinsa tsaf, cikin mutunci. A otal muka kwana, sai yammacin Litinin taya ta iso.

A tsayuwar nan babu abin da nake tunawa sai Pijo 504 ɗin mahaifina, haɗin Kaduna. Kano zuwa Maiduguri yake yi da ita, ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, da safaya biyu, galan na ruwa da fambel a ƙarƙashin kujera. Kada wani ya ce na manta da ramukanmu da rayukan da suka ci. Ni ma na yi jana'izar waɗanda hanya ta ɗauke. Amma motar da tsagar taya za ta kwanar da kai a garin da ba ka nufa ba, ni dai ba zan kira ta motar doguwar tafiya ba, komai tsadarta. Ƙarfinta na hanyar ne da na kamfanin janwe. Ka raba ta da su, ka ga abin da zai rage.

Na tuna ranar da taya ta fashe mana bayan Azare, ina ɗan shekara 10. Kafin Baba ya gama kafa jak wani direban tirela ya tsaya, ya ce, "Sannu Alhaji, kawo sifanar." Wata tsohuwa ta aiko jikarta da ruwa a ƙwarya. Mai faci a gaba ya ƙi karɓar kuɗin iska, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daren nan a otal na kira yayana, na tambaye shi ko Pijon tana nan. Ya ce tana bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta duk sun sace. Na ce masa don Allah kada a sayar da ita sai na zo.