Yadda Ƙwallon Daren Asabar Ta Cinye Mini Kuɗin Rago

Wallahi kwamfutata ba ta yi mini laifin komai ba. Tun 2019 na haɗa ta, da firosesa Ryzen 3 2200G da katin hoto GTX 1050 Ti, da wani tsohon monita da na gada daga wurin aiki. Aikinta a gidana bai wuce na daren Asabar ba: bayan sallar isha'i ɗan yayata ya zo mu buga FIFA wasa biyu ko uku, ya lallasa ni, mu sha shayi, ya tafi. Na san tun 2023 aka sauya wa wasan suna ya koma EA Sports FC, amma a unguwarmu har gobe FIFA ne.

Wani dare ya zura mini huɗu ba ko ɗaya, ya ga na yi shiru ina kallon silin, sai tausayi ya kama shi.

"Kawu, ba fa laifinka ba ne. Kwamfutar ce take jan ƙafa. Kafin ɗan wasanka ya juya an wuce shi."

Shekara uku ana cina, ranar ce aka fara ɗora laifin a kan wani ba ni ba. Na kwana da maganar nan kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Litinin da rana ina Beirut Road, kasuwar kayan kwamfuta a Kano. Yaron shagon da na shiga yana ganina ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa Alhaji." Ban taɓa zuwa ko filin jirgi rakiya ba, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san idan aka kira ka Alhaji to an riga an ƙara maka kuɗi. Ya fito mini da katin hoto RTX 3060, na hannu amma tsaf, mai giga 12, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jaririn da aka fito da shi ranar suna. Na biya. A gida na ce wa uwargida ɗan gyara ne zan yi.

Katin ya ƙi shiga akwatin. Tsohon nawa guntu ne mai fanka ɗaya, wannan kuwa dogo ne, ya je ya tokari ƙarfen da ake ɗaura hard disk, ma'ajiyar bayanai. Na juya shi hagu, na juya shi dama, na kwantar da akwatin, na tayar. Daga ƙarshe na saɓa akwatin a kafaɗa zuwa wurin mai walda na bakin layi, ya yanke ƙarfen yana tambayata ko kejin zomo nake haɗawa.

Da ya zauna daram sai na hango wasu ramuka takwas a samansa suna jiran waya. Tsohon katina wat 75 yake ci, daga madabod, babban faifan da ake dasa komai a kansa, kawai yake shan wutarsa, bai taɓa roƙon ƙari ba. Sabon yana neman wat 170, kuma masu yin sa sun ce a ba shi fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kwamfuta wuta, mai wat 550. Nawa mai 350 ne, babu ko suna a jikinsa, balle wayar mai baki takwas. Na koma kasuwa.

"Alhaji, ai tunda ka zo," in ji yaron, "firosesan nan naka zai shaƙe katin. Kamar ka ɗaura injin tirela ne a adaidaita sahu."

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce Ryzen 5 5600 zai zauna a gurbin da tsohon yake, tunda duk gurbinsu iri ɗaya ne, AM4. Na je na cire tsohon don in ba shi a yi mini ragi. Wurin cirewa, man da ke tsakaninsa da fanka ya bushe ya zama ƙanzo, ina jan fankar sai ga firosesa ya biyo ta manne, ƙafafunsa na zinare a sama kamar ƙwaron da aka kifar. Allah ya kiyaye babu wadda ta lanƙwashe.

Ram kuwa, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ni na jawo wa kaina. A wani shago daban na sayi DDR5, bisa hujjar cewa biyar ta fi huɗu. Tsagar da ke ƙasansa ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 da madabod ɗina ke ɗauka ba, an yi hakan ne musamman don irina, amma sai da na danna har babban yatsana ya yi fari kafin na yarda.

Ranar Alhamis na haɗa komai, na yi bismillah, na danna. Fankoki suka tashi, fitilu suka kama, monita ya tsaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na kira ɗan yayata.

"Kawu, a ina ka soka wayar monitan?"

"Inda take shiga mana, a sama."

"Can madabod ne. Sabon firosesan ba ya fitar da hoto da kansa. Soka ta ƙasa, a jikin katin."

Na soka ƙasa. Baƙi dai. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na sabunta BIOS. Na ce waye shi? Ashe madabod ɗina B450 ne na 2018, bai san da zaman wannan firosesan a duniya ba, sai an ɗura masa sabon karatu. Kuma ba ya karɓar karatun sai da tsohon firosesa a jikinsa, wanda na riga na bayar a yi mini ragi. Haka na koma na ari kayana da na sayar, na bar katin shaidata jingina.

Kafin in fara, yaron shagon ya ja mini kunne sau uku: idan wuta ta ɗauke ana tsaka da sabuntawar, madabod ya mutu ke nan. A Kano! Na sayo fetur na cika ƙaramin janareta, na kafa doka a gidan cewa duk wanda ya jona dutsen guga ko hita ya nemi wani uban. Na zauna gaban monita ina kallon wani siririn layi yana rarrafe. Kashi 12. Kashi 30. Yana kaiwa 47 janareta ya yi tari, ƙwan ɗakin ya dishe ya dawo. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina "Hasbunallahu" da ƙarfi ba. Uwargida ta leƙo a firgice.

"Lafiya Abban yara? Rasuwa aka yi?"

"Tukuna," na ce. "Ki dai taya ni addu'a."

Ya kai ɗari. Ranar da na amshi sakamakon jarrabawar sakandare ma ban yi irin wannan ajiyar zuciyar ba.

To, mutum ya yi wannan wahalar ya kalli sakamakonta a tsohon monitan ofis? Na sayo mai inci 27, wanda ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ɗaya, maimakon 60 na tsohon. Shi ne ya ƙarasa kuɗin da nake tarawa na layya. Rasiɗinsa ne kuma uwargida ta tsinta a aljihun rigata ranar wanki. Ba ta ce uffan ba, ta dai goge shi da dutsen guga ta ajiye mini a kan farantin tuwo.

Lokacin ɗan yayata ya koma makaranta, sai na samu fili. Sati shida ina cika baki a majalisa. Na riƙa jawo abokai ɗaya bayan ɗaya, in zaunar da mutum in kaɗa masa linzami a kan allo.

"Ka ga santsi? Wannan shi ake kira 144. Idonka ma sai ya saba."

Kowa ya gyaɗa kai ya ce lallai akwai bambanci. Wani har ya ce jiri yake ji. Ni kaina na yi rantsuwa cewa ba zan iya sake kallon 60 ba, ciwon kai take sa ni.

Da aka yi hutu yaron ya zo. Ya zauna, ya motsa linzamin sau biyu, ya ɗan karkata kai. Ya shiga saitin allo na Windows, ya buɗe wani ɗan akwati, ya juyo ya kalle ni da irin kallon da likita yake yi wa dangin marar lafiya.

"Kawu, a 60 yake."

"Wane 60? Ga kwalin can, je ka karanta."

"Kwalin gaskiya ya faɗa. Amma sai ka zaɓa da hannunka. Tun ranar da ka jona shi a 60 yake."

Ya danna 144. Linzamin ya sulale kamar an zuba wa allon man gyaɗa. Sai a lokacin na ga abin da na yi sati shida ina nuna wa mutane. Na roƙe shi don girman zumunci kada maganar ta fita daga ɗakin, ya ce to, bayan na yi masa alƙawarin kuɗin data.

Muka kama wasa. Ciyawar filin har ɗaiɗai ake gani, gumi na sheƙi a goshin 'yan wasa, raga tana kaɗawa kamar ta gaske. Na kuwa ga kaɗawarta sosai, don sau shida ta kaɗa, duk a gidana.

Na ajiye abin hannun a hankali. Ya kalle ni, ya kalli abin, ya ɗauka ya latsa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ina ga fa pad ɗin nan ne. Maɓallin fasin ya saki."

Na buɗe baki zan tambaye shi nawa sabo yake, sai na ji muryar uwargida daga tsakar gida tana cewa mukullin babur yana wurinta, kuma ragon layya bai riga ya sayi kansa ba.