Takardunsu Suka Je Nema A Seoul

Jirgi ya sauka a Incheon, fasinjoji na fitowa. A cikinsu akwai mace mai shekara arba'in da ɗoriya, fasfonta na Denmark, sunanta na Denmark, da yaren Denmark take mafarki. Tun da ta yi wayo, yau ce rana ta farko da ta shiga taro ba wanda ya waigo ya kalle ta, don kowa kamanninsa irin nata ne. Sai ma'aikacin filin jirgi ya yi mata magana da yaren Koriya, ta rasa abin cewa. Irin wannan saukar ta zama ruwan dare a Koriya ta Kudu, domin yaran da ƙasar ta tura ƙetare a ba su riƙo sun girma, suna dawowa ɗaya bayan ɗaya su ga inda aka yanke musu cibiya.

Ba kaɗan ba ne. Ana ƙiyasta kusan yara 200,000 aka fitar tun bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, fiye da rabi zuwa Amurka, saura zuwa Faransa, Sweden, Denmark, Norway da sauransu. Da farko yaran da sojojin waje suka haifa da matan Koriya ne ake turawa. A 1955 wani Ba'amurke daga jihar Oregon, Harry Holt, ya ɗauki yara takwas ya tafi da su gida, daga nan aka kafa ƙungiyar da har yau take amsa sunansa. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da harkar ta kai ƙololuwa. A 1985 ne, shekarar da aka fitar da yara sama da 8,000, yaƙi ya wuce da shekara talatin, masana'antu na bunƙasa, Seoul na shirin karɓar gasar Olympics ta 1988. Yunwar yaƙi ba ta isa ta bayyana wannan ba. Kunya ce ta mace ta haihu ba aure, da gwamnatin da ta ga tura yaro waje ya fi sauƙi a kan tallafa wa uwarsa, da kuma kuɗin da ake biya kan kowane yaro.

Kafin yaro ya fita da sauri, sai ya zama maraya a takarda. A lokacin, rajistar iyali a Koriya ta wajen uba take bi. Sai a buɗe wa jariri sabuwar rajista shi kaɗai, ba uwa ba uba, a rubuta cewa tsintarsa aka yi. Da yawansu iyayensu na raye. Toby Dawson, wanda ya ci wa Amurka lambar tagulla a wasan ƙanƙara a gasar Olympics ta Turin a 2006, ɓata ya yi a kasuwa a Busan yana ƙarami, mahaifinsa ya yi ta nema bai samu ba. Sai da duniya ta ga fuskarsa a talabijin, aka yi gwajin DNA, suka haɗu a 2007. Wanda bai ci lambar Olympics ba fa, wa zai nuna fuskarsa?

Koriya ta iya tarbar baƙo, wannan ba a ja. Sa'ad da Fleur Pellerin, wadda aka kai Faransa tana jaririya, ta dawo a 2013 tana minista, jaridu sun yi ta murna da ita kamar ɗiyar da ta je ci-rani ta dawo da arziki. Masu zuwa karon farko kuma akan zagaya da su fadar Gyeongbokgung, a sa musu tufafin gargajiya, a koya musu haɗa kimchi, abincin gargajiyar Koriya na ganyen kabeji. Ban raina wannan ba. Wanda ya tashi shi kaɗai mai irin fuskarsa a wani ƙauyen Norway, ranar da ya zauna cin abinci da mutum ashirin masu labari irin nasa, ya samu abin da bai taɓa samu ba. Ƙungiyar GOA'L, wadda su 'ya'yan riƙon suka kafa da kansu a Seoul a 1998, ta yi rawar gani wajen sama musu tafinta da taya su neman dangi.

Amma ranar da ta fi nauyi a tafiyar ita ce ranar zuwa duba fayil a ofishin ƙungiyar da ta ba da yaron riƙo. Shekara da shekaru masu dawowa suna ba da labari iri ɗaya: ka zauna gaban ma'aikaciya, fayil ɗinka na hannunta, ta nuna maka wani shafi ta rufe wani. Doka ta ce ba a ba da sunan iyaye sai da yardarsu. Akwai hujja a nan, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Matar da ta haihu a ɓoye tana budurwa, ta yi aure, mijinta da 'ya'yanta ba su sani ba, wasiƙa ɗaya na iya rusa mata gida. Ta cancanci a rufa mata asiri. Sai dai rufin asirin uwa bai kai ga ɓoye wa mutum ranar haihuwarsa ta gaskiya ba, ko garin da aka ɗauko shi, ko ciwon da ke bin danginsa, ko cewa fayil ɗin da ya riƙe tsawon rayuwarsa na wani yaro ne da aka musanya shi da shi. A irin waɗannan wuraren, asirin ofishin ake rufewa da sunan uwar.

Mu da muka san riƙo ya kamata mu fi kowa gane zafin abin. A wajenmu yaro kan tashi a hannun gwaggo ko kawu, ya ci ya sha, a yi masa aure, amma ya san ɗan wane ne, kuma Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ba mu kuma yi nisa da irin wannan ta'asa ba. A 2007 aka tare wata ƙungiyar Faransawa a Abeche ta ƙasar Chadi tana shirin ɗaga yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur, bincike ya nuna yawancinsu iyayensu na nan. Waɗancan an tare su a bakin jirgi. Na Koriya hukuma ce ta buga musu hatimi.

Gwamnati ta amsa laifi, a hankali. Shugaba Kim Dae-jung ya nemi gafarar wasu daga cikin 'ya'yan riƙon a fadarsa a 1998. A watan Maris na 2025 Hukumar Binciken Gaskiya da Sasantawa ta ce gwamnati na da alhakin takardun bogi da musanya yara, sannan Shugaba Lee Jae-myung ya nemi afuwa a watan Oktoba. A shekarar ce kuma aka karɓe harkar riƙo daga hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu, aka mayar da fayilolin hannun hukumar kare haƙƙin yara ta ƙasa. Amma cikin ƙorafi 367 da aka shigar, 56 kawai Hukumar Binciken Gaskiya ta tabbatar, aka jingine 311, wasu saboda masu ƙorafin ba su kawo takardun da za su nuna an yi musu ƙarya ba. Mutumin da aka ɗauke shi yana wata shida, ina zai samo hujja, bayan waɗanda yake ƙara ne suka rubuta takardun suka kuma ajiye su? Nauyin kawo hujja a wuyan ƙasar ya kamata ya kasance.

Akwai ma waɗanda ba su zaɓi dawowar ba. Adam Crapser an kai shi Amurka a 1979 yana ɗan shekara uku, waɗanda suka riƙe shi ba su nema masa takardar zama ɗan ƙasa ba, a 2016 aka tiso ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai jin yarenta. Kotu a Seoul ta umarci ƙungiyar Holt ta biya shi won miliyan 100, kuɗin Koriya, a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a farkon 2025.

Lokaci kuwa ba ya jira. Matar da ta haihu a 1975 yanzu ta doshi saba'in ko ta haura. Duk shekarar da fayil ya ƙara a rufe, wasu za su sauka a Incheon da sunan uwa a hannu, a kai su kabari.