Ta Tuba, Mu Kuma Mun Ƙi Karɓar Ta

'Yan'uwana cikin Almasihu, abin da na gani ranar Lahadi a majami'armu da ke Tudun Wada, nan Jos, ya hana ni barci, kuma laifina zan fara faɗa kafin na kowa.

Akwai wata yarinya da dattawan ikkilisiya suka sa a horo saboda ta yi ciki ba aure. A ranar fasto ya kira ta gaba, ya sanar cewa ta cika horonta, za ta koma cin jibin Ubangiji. Ta taso daga bencin baya da jaririnta a goye, tana hawaye. Aka tafa mata, amma tafin bai kai zuci ba, domin da aka tashi sujada na ga ana raɗa, har wata uwa ta ja 'yarta gefe don kada su gaisa. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, abin da zuciyata ta ce shi ne mai hali ba ya fasa halinsa, na wuce ta gabanta ban ce mata ko sannu ba.

Da dare na buɗe Luka sura 15, inda Yesu ya ba da misalin ɗan da ya bar gida ya ɓarnatar da gadonsa, sai kunya ta rufe ni. Kullum muna ɗaukar kanmu a matsayin ƙaramin ɗan da ya dawo gida, wanda tun yana nesa ubansa ya sheƙo da gudu ya rungume shi, ya sa aka kawo riga mafi kyau da zobe da takalma, aka yanka kiwataccen maraƙi. Amma a ranar Lahadin nan mu ne babban wan da ya tsaya a waje yana fushi. Ku duba da kyau, ya kasa ma kiran yaron ƙanensa, sai ya ce wa uban "ɗan nan naka", uban kuwa ya mayar masa da "ɗan'uwan nan naka". Wanda Uba ya karɓa, wane ne ni da zan ƙi shi?

Ban ce horo ba shi da amfani ba. Zunubi ba abin wasa ba ne, tun da jinin Yesu ne ya biya shi. Sai dai Bulus da kansa ya gargaɗi Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, cewa idan mai laifi ya sha hukuncinsa, a yafe masa a kuma ta'azantar da shi, kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi. Mu mun iya hukuncin, ta'aziyyar ce ta gagare mu.

Zunubinta ya fito fili ne kawai domin ciki ba ya ɓoyuwa. Ina wanda ya yi mata cikin? Ina mai tauye mudu a kasuwar Farin Gada, da mai karɓar na goro a ofis kafin ya sa hannu a takarda, da mu masu cin naman mutane da baki a hanyar komawa gida daga sujada? Babu wanda ya kai mu bencin baya, amma Allah yana gani. Dawuda ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi, duk da haka addu'ar tubansa a Zabura 51 muke karantawa har yau. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yesu kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Romawa 5:8 ta nuna mana cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira sai mun gyaru ba.

Iyayena mata na Zumunta, ƙungiyar matan ikkilisiya, ina roƙonku, ku jawo yarinyar nan kusa da ku, ku karɓi jaririn nan ku goya. Idan ta bar majami'a saboda kallon da muke yi mata, me za mu faɗa wa Makiyayin da ya bar tumaki tasa'in da tara ya tafi neman ɗaya? Ni dai a makon nan zan je gidansu in nemi gafararta. Don Allah, ku ma ku je.