Rumbun Tsimin Ƙasa: Tallafin da Aka San Ranar Zuwansa Shi Ne Tallafi

Duk shekara cikin watan Maris, idan rahoton farin cikin al'ummomin duniya ya fito, sai a yi ta zolaya: yaya za a ce mutanen Finland, masu fama da ƙanƙara da doguwar duhuwar hunturu, sun fi kowa farin ciki? Tun 2018 suke riƙe da matsayi na ɗaya, zuwa 2025 sau takwas ke nan a jere. Kalmar farin ciki ce ke ruɗa mu. Tambayar da kamfanin Gallup ke yi wa mutum wajen dubu a kowace ƙasa ba ta shafi dariya ko annashuwa ba. Ana cewa ya ƙaddara akwai tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, na sama shi ne rayuwa mafi kyau da zai iya samu, na ƙasa mafi muni, sannan ya faɗi matakin da yake tsaye. Finland na samun kimanin 7.7. Abin da ake aunawa ya fi kusa da abin da mu ke kira kwanciyar hankali, wato mutum ya kwana bai ji tsoron cewa ciwo ɗaya ko korar aiki ɗaya za ta tsiyata gidansa ba.

Mai gardama zai ce ai arziki ne, masu kuɗi ne ke iya ɗaukar nauyin marasa ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. A rahoton 2025 Costa Rica ta zo ta 6, Amurka kuwa ta 24, alhali abin da ɗan Amurka ke samu ya ninka na ɗan Costa Rica sau da yawa. Costa Rica ta kafa asusun inshorar jama'a tun 1941, ta soke rundunar soja a 1948, ta karkata kuɗinta ga asibiti da makaranta.

Domin a ga abin da rashin tallafin hukuma ke jawowa, sai a sauko daga ƙasa zuwa gida guda. Ɗauki manomin gero a Daura ko Maraɗi. Da kaka ya sayar da wani ɓangare na amfaninsa lokacin da hatsi ya fi araha, saboda bashi da hidimar aure da kuɗin makaranta. Cikin Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa yana sayen hatsin nan da tsada, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Idan aka kwantar da ɗa ɗaya a asibiti, akuya ce ke fara tafiya, sannan tunkiya, sannan san noma, daga ƙarshe a jinginar da gona. Ciwon ya warke cikin mako biyu, amma abin da ake noma da shi ya tafi, shekara mai zuwa girbi ya ragu, talaucin ya zauna. Akwai kuma asarar da ba a gani: wanda ya san kuskure ɗaya zai kai shi ƙasa ba ya cin bashin taki, ba ya gwada sabon iri, ba ya barin 'yarsa ta ƙarasa sakandare. Yana zaɓen abin da ba shi da haɗari, wanda kuma ba shi da riba.

Ba mu rasa namu tsarin ba. Zumunci, adashe, gayya, zakka da fidda-kai duk suna ɗauke wa mutum nauyi, kuma suna aiki sosai idan gida ɗaya ne ya yi gobara. Inda suke gazawa shi ne ranar da masifa ta haɗa kowa: fari, ambaliya, harin 'yan bindiga, ko tashin farashi. Ranar nan wanda za ka je wurinsa shi ma neman wanda zai je wurinsa yake yi. Wannan giɓin ne hukuma kaɗai ke iya cikewa, domin ita ce ke iya ɗebo daga yankin da damina ta yi kyau ta kai inda ta ɓaci, ta kuma tara a shekarar yalwa ta fitar a shekarar ƙunci. Manoman da suka san rumbun tsimi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

A matakin ƙasa ma haka lissafin yake. Jamus na da tsarin da ake kira Kurzarbeit. Idan ciniki ya faɗi, maimakon kamfani ya sallami ma'aikata sai ya rage musu sa'o'in aiki, hukuma ta biya su kashi 60 cikin 100 na albashin da suka rasa, mai 'ya'ya kuma kashi 67. A 2009 tattalin arzikin Jamus ya ragu da fiye da kashi 5, amma rashin aiki bai tashi da ko maki ɗaya ba. A Afrilun 2020, lokacin korona, kimanin ma'aikata miliyan 6 ke cikin tsarin, a watan da Amurka ta rasa ayyuka sama da miliyan 20. Ribar biyu ce: iyalai sun ci gaba da sayayya, saboda haka kantuna ba su bi masana'antu sun durƙushe ba, kuma da kasuwa ta farfaɗo ƙwararrun ma'aikata na nan a wurinsu, ba sai an nemo sababbi an koya musu ba.

Kada a ce wannan sai ƙasar masana'antu. A gundumar Siaya ta Kenya an raba wa gidaje sama da 10,000 a ƙauyuka 653 dala 1,000 kowanne, sannan masu bincike suka bi sawun kuɗin. Kowace dala ɗaya ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi a yankin, farashi kuwa da ƙyar ya motsa. Talaka ba ya kai kuɗinsa Dubai. Mai niƙa da tela da birkila na garinsu ne ke cin moriyarsu.

Yawan kuɗin da ake kashewa kuma ba shi ne ma'auni ba, Girka ce shaida. Kafin rikicin bashinta tana cikin ƙasashen Turai da suka fi kashe kuɗi a fansho, amma alawus ɗin rashin aiki ba ya wuce wata 12, kuma babu wani tallafi na ƙarshe ga wanda komai ya ƙare masa. Tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aiki ya haura kashi 27 a 2013, dubban gidaje suka koma rayuwa da fanshon kaka ko kakan gida. Sai a 2017 aka shimfiɗa tsarin mafi ƙarancin kuɗin shiga a duk ƙasar. A shekarun nan Girka na cikin ƙasashen da makinsu ya fi faɗuwa a ma'aunin tsanin nan.

Mu dawo gida. Ran 29 ga Mayun 2023 aka sanar da ƙarshen tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a Yuli, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hujjar cire tallafin mai tana da ƙarfi, domin mai motoci uku ya fi mai keke cin moriyarsa. Matsalar tana wajen jerin matakan. A Yuli aka ce za a ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata, aka yi ca, aka janye. A watan ne kuma majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da rajistar talakawan da ake da ita ba. Sai a Oktoba aka ƙaddamar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar da ke kula da shirin, aka tsayar da shirye-shiryen domin bincike. Farashi ya tashi cikin kwana uku, tallafi ya ɗauki watanni yana tangal-tangal. Iran, duk da matsalolinta, da za ta ƙara farashin mai a Disambar 2010 sai da ta fara zuba kuɗin a asusun mutane, suna ganinsu amma ba su iya cira, aka buɗe su ranar da sabon farashi ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iran ɗin ta kuma nuna kuskure na gaba: riyal 455,000 da ake ba kowane mutum a wata, wajen dala 45 a farko, an bar shi shekaru ba ƙari har tsadar kaya ta cinye shi. Mu ma mun yi. Naira 5,000 da aka sa wa gidaje marasa ƙarfi a 2016 tana daidai da dala 16 a canjin hukuma na lokacin. A canjin naira 1,500 ba ta kai dala 4 ba. Tallafin da doka ba ta ce a riƙa sabunta shi bisa farashin abinci duk shekara ba, kashe kansa yake yi a hankali.

Rabon buhunan shinkafa kuwa, wanda 'yan siyasa suka fi so saboda yana kyau a hoto, shi ne mafi rauni. Akwai kuɗin saye, na mota, na ajiya, ga abin da ke zubewa a kowace tasha. Ba wanda ya san ranar zuwansa ko zai samu, don haka ba wanda zai fasa sayar da akuyarsa saboda shi. Turmutsutsun da aka yi a wuraren rabon abinci na masu taimako a Ibadan da Okija da Abuja a Disambar 2024, inda mutum sama da 60 suka rasu, ya nuna abin da ke faruwa idan yunwa ta haɗu da rabon wanda ya riga shi ya samu.

Tsarin da ke aiki yana da sassa sanannu. Na farko rajista, kuma ita ce ta fi wuya. Brazil ta gina tata tun 2001, kafin Bolsa Família, shirinta na ba gidajen talakawa kuɗi, ya zo a 2003, kuma dole kowane gida ya sabunta bayanansa duk shekara biyu, domin talauci ba ya zama wuri ɗaya: wani ya fita, wani ya shiga. A wurinmu ya kamata a karanta sunaye a bainar jama'a, a ƙofar mai gari ko bayan sallar Juma'a, a ba da kwanaki na ƙorafi, domin jerin da aka rubuta a ɗakin kansila sunayen 'yan jam'iyya ne ke cika shi. Haɗa suna da lambar NIN yana kawar da sunayen bogi, amma idan aka sa shi sharaɗi ba tare da an kai na'urar rajista ƙauye ba, tsohuwar da ta fi kowa bukata ita ce ke fara faɗuwa daga jerin. Sai hanyar biya: asusu da sunan uwar gida, kamar yadda Brazil ke yi wa mafi yawan masu karɓa, da wakilin biya a kusa wanda hukuma ke biyan ladansa, don kada mai POS ya yanki rabonsa, kuɗin babur ya cinye saura. Sai rana tsayayya. Naira 10,000 da ke zuwa ran 5 ga kowane wata ta fi naira 30,000 da ke faɗowa ba zato, domin da ta farkon ce mai kanti zai yarda ya ba da bashi, a kuma iya shiga adashe.

Arewacin Kenya ya ƙara wani sashe da ya dace da yankinmu. A Turkana da Marsabit da Mandera da Wajir an sa gidaje wajen 100,000 a shirin karɓar shilin 5,400 duk wata biyu, amma an yi wa sauran gidajen rajista an buɗe musu asusu tun da wuri. Idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ciyawa ta bushe ta kai wani mizani da aka riga aka amince da shi, sai kuɗi su shiga asusun ƙarin gidaje ba tare da jiran taron kwamiti ba.

Masu cewa tallafi na sa lalaci su duba Nijar. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2022 ya bi matan da ke karɓar tallafin wata-wata na gwamnati, aka ƙara musu ƙungiyar adashe da koyon kasuwanci. Wasu aka ba su jarin sefa 80,000, wasu aka ba su horon dogaro da kai tare da tattaunawa da mutanen gari. Bayan wata 18 cinikin matan ya ƙaru, abincin gida ya inganta, damuwa ta ragu. Batun rashin kuɗi ya fi nauyi: Denmark na karɓar harajin da ya haura kashi 40 cikin 100 na arzikinta, namu kuwa bai kai kashi 11 ba a 2021, don haka kwaikwayon Denmark mafarki ne. Amma Bolsa Família ta shekara da shekaru tana kaiwa ga gidaje wajen miliyan 14 da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 na arzikin Brazil. Jigawa ma ta fara biyan nakasassu naira 7,000 a wata tun 2007, lokacin da kason jihohi bai kai na yau ba.

Bayanin da ake bukata ma yana hannu. Ƙididdigar yanayin abinci ta yankin Sahel tana fitowa sau biyu a shekara, kuma ta Nuwamban 2024 ta yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsananciyar yunwa a Najeriya tsakanin Yuni da Agustan 2025, wato gargaɗin wata bakwai. Ga gidajen manoma, kuɗin ya kamata su shiga asusu tun Afrilu ko Mayu, domin kafin ruwan shuka ne mai gida ke yanke shawarar ko zai ci irin da ya ajiye, ko zai kai san noma kasuwa, ko zai bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Buhun da ya iso a Satumba ya tarar gero ya nuna.